Abin da na karanta a Galveston

Duk wanda ya baro gida ya sauka Houston a Amurka, da zarar watan Yuni ya kama zai fara jin maganar guguwa a bakin kowa, a wajen aiki, a masallaci, har a layin biyan kuɗi a kanti. Ka sayi ruwan gora? Kana da batir? Tankin motarka cike yake? Maƙwabciyata, wata dattijuwa baƙar fata haifaffiyar nan, ita ta koya min in haɗa fasfo da takardun zama cikin leda mai zif in ɗora can saman wadrob, kuma bayan guguwar Beryl ta Yulin 2024 da muka yi kwanaki ba wuta cikin zafin nan mai dafa mutum, ta ce min ɗana in kana son sanin me ya sa muke haka, je ka Galveston ka karanta labarin mutanen 1900.

Galveston tsibiri ne, tafiyar kamar awa ɗaya daga Houston, kuma laburaren Rosenberg da ke can ya adana wasiƙu da bayanan waɗanda suka tsira. Ranar Asabar ce, 8 ga Satumba 1900. Garin na da mutum kusan 37,000, tudun da ya fi ko'ina tsawo bai kai ƙafa 9 a saman teku ba, ruwan da guguwar ta koro kuwa ya haura ƙafa 15, to ina mutum zai gudu? Waɗanda suka mutu ana cewa tsakanin 6,000 ne zuwa 12,000, har yau Amurka ba ta ga bala'i irin wannan da ya ci rai haka ba. Masu bayanin wlh ba sa wani ƙawata magana, mutum zai ce sun hau bene ruwa ya biyo su, gidan ya fara motsi, fale-falen rufin kwano da na dutse suna yawo a iska suna yanka mutane, sai katakon gidajen da suka rushe ya taru ya zama bango yana tafe yana nike na gaba. Shi kansa shugaban ofishin hasashen yanayi na garin, Isaac Cline, matarsa mai ciki a nan ta rasu.

Labarin gidan marayu na St. Mary's kuwa sai da na ajiye takardar na fita waje. Sistocin coci 10 ne da yara 93, da ruwa ya shigo suka ɗauko igiyar shanya suka ɗaura yaran a ƙugunsu don kar ruwa ya raba su, yara maza 3 kaɗai suka tsira, an riƙa tono gawar sista cikin yashi da yara ɗaure a jikinta.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gawawwakin. Mu da mutum zai rasu da asuba, kafin azahar an yi masa wanka an sa likkafani an sallace shi an kai shi makwancinsa, ka karanta yadda ƙasa ta jiƙe ta ƙi haƙuwa, zafi ya sa wari ya cika gari, aka loda gawa ɗaruruwa a kwale-kwalen dakon kaya aka kai tsakiyar teku aka zubar, ruwa ya dawo da su bakin gaɓa, daga nan aka koma ƙonawa makonni ana yi. Kuma da bakin bindiga aka tilasta wa mutane wannan aikin, da yawansu baƙaƙen fata, ana ɗura musu giya don su iya jurewa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A satin na je na sa sunana a asusun jana'iza na masallacinmu, don a ƙasar nan kabari ma sayensa ake, kuma baƙo in bai shirya ba wahala zai bar wa mutane.

Waɗanda suka rage ba su tashi ba fa. Daga 1902 suka fara gina katangar teku mai tsawon ƙafa 17, sannan suka ɗaga gine-gine sama da 2,000 da jak, har da coci na dutse, suka tura yashi ƙarƙashinsu, mutane suka yi shekaru suna bi ta kan katako kafin su shiga gidajensu. Yanzu in na ga allunan nan masu shuɗi a kan babbar hanyar I-45 da ke nuna hanyar ficewa na san me aka biya kafin a kafa su. Bana ni ne ma na bi sababbin zuwa, wasu ɗalibai 'yan Kano da wani ɗan Maraɗi, ina ce musu su cika tanki su sayi ruwa tun kafin layi ya yi tsawo, kuma in aka ce a fita, a fita.