Ni na ce a miƙe min gwiwa sak, ni na sha ƙasa

Har yau in na tuna kuɗin da na zubar raina ɓaci yake wallahi, kuma ba wanda zan kama da laifi sai kaina. Shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu ina ɗan shekara uku, mai irin ƙafar ya san zancen, naman gaban cinya ba ya aiki sai ka koyi tura gwiwa baya ta kulle kafin ka ɗora mata nauyi, wani lokaci har da hannu kake danna cinyar. Haka na yi ta yawona a Garwa ta Kamaru ko sanda ba na riƙewa. Sai da na haura arba'in gwiwar ta koma baya kamar baka, ga ciwo a bayanta, daga shagon ɗinkina zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu.

Ƙanena ya fara aiko min da wani gajeren ƙarfen tallafar gwiwa daga Duwala, mai ɗamara biyu a gaba ɗaya a bayan gwiwa. Wannan ba dogon labari, cinyar ba nama, taku ashirin ya sulluɓo ƙauri. An yi shi ne don wanda lanƙwasarsa ba ta yi nisa ba.

Sai na je wurin masu haɗa aparai, wato ƙarfen tallafar ƙafa, aka ɗauki awon ƙafar da filasta za a yi min dogo, daga cinya har tafin ƙafa, roba da ƙarfe biyu a gefe. A nan na tafka ta. Na ce ni dai ba na son makulli a gwiwa, kuma a tsayar min da gwiwa sak kamar ta kowa, na gaji da kallon da ake min. Yaron da ke aikin, bai fi sa'an ɗan yayata ba, ya ce "Baba, wannan komawa bayan ita ke riƙe da kai fa, a rage ta dai amma kar a kashe ta duka." Na ce likita kuɗina ne ko naka? Ya yi shiru ya yi yadda na ce.

Kwana uku da karɓa, na sauko daga moto a bakin babbar kasuwa, na taka ɗan dutse, gwiwar ta naɗe gaba kamar wuƙar aljihu. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Haɓa ta fashe, wuyan hannu ya kumbura, sati biyu ban taɓa almakashi ba kuma ana dab da sallah, kayan mutane jibge.

Abin da yaron ya so in gane kenan na ƙi ji. In gwiwa ta ɗan koma baya, nauyin jiki ta gabanta yake sauka sai ya ƙara kulle ta. In ka tsayar da ita sak, abu kaɗan zai mai da nauyin bayanta, mai lafiya naman cinyarsa zai tare, ni me zai tare min? Shekara arba'in ƙafar ta nemo wa kanta dabara, na zo rana ɗaya na ƙwace don kwalliya.

Na koma da kunyata. Bai ce min komai ba, Allah Ya yi masa albarka, amma sai da na sake biyan kuɗin mahaɗan gwiwa, kusan rabin na farko. Ya sa irin waɗanda ƙusarsu ta ɗan ja baya, ya bar min lanƙwasa ta baya kamar digiri 10, ta daina wuce nan amma ba ta naɗewa. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura ba, jijiyar dunduniyata ta ɗaure, yatsu na kallon ƙasa, duk takun da na yi ita ke ƙara tura gwiwar baya, ga ƙafar ta gaza ɗayar da santimita 3. Aka ƙara wa takalmin tudu. Ashe rabin matsalar gwiwa a idon sawu take.

Aparai mai makullin zobe ya fi tsaro, ba ya naɗewa ko kaɗan, in ƙafarka ba ta da sauran ƙarfi ko a ƙugu shi za ka ɗauka kar ka yi gardama irin tawa. Sai dai tafiya a sandare, kuma duk zama sai ka ɗaga zoben, hawa moto, alwala, zaman keke, ni tela ina zan iya.

Robar kuwa a watan Afrilu, zafin Garwa ya haura digiri 40, sai ka ji kamar ka sa ƙafa a tukunya. Doguwar safar auduga nake sawa a ciki, biyu nake da su ina canjawa da azahar. In ka cire ka ga jan wuri bai washe ba bayan rabin awa, koma a gyara tun bai zama gyambo ba, kuma dan Allah kar ka kai wa mai walda, da kaina na ga wanda aka karkace masa mahaɗi.

Gajeren na Duwala yana nan rataye a ƙusa a shago. Uwargida ta ce in ba 'yan gwangwan, na ce a bar shi tukuna, ƙanena bai san ba na sa shi ba.