Yadda Muka Kwashe Ofis Daga Legas Zuwa Abuja

Ina akawu a wata ma'aikatar tarayya a Ikoyi lokacin da takardar tashi ta iso. Mun daɗe muna jin maganar har ta zama kamar tatsuniya. Tun ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala ta kafa doka mai lamba 6, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a kai babban birni tsakiyar ƙasa. Kwana goma bayan nan aka kashe Murtala. Shekara goma sha biyar ana gini ana ɗagawa, mu kuwa muna maƙale a cunkoson gadar Eko muna cewa Abuja sai jikoki.

A ganina harin juyin mulkin da su Manjo Gideon Orkar suka kai Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa a Legas a lokacin, a Afrilun 1990 shi ya zaburar da manya. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, mu kuma ƙananan ma'aikata aka riƙa kwasarmu rukuni-rukuni.

Fayil-fayil aka damƙa mini. Don su shiga mota da kyau sai na cusa su a buhuna bisa girmansu, ban bi lamba ba, ina ganin na yi dabara. Abin da ya fi muni, rajista, babban littafin nan mai nuna inda kowane fayil yake, na jefa shi a motar ƙarshe. Motar ta mutu kafin Lokoja, ta kwana huɗu.

Muna zaune kan buhuna a Garki sai ga wani dattijo ɗan fansho daga Katsina, takardarsa a naɗe cikin leda. Ya je Legas an ce masa mun tashi, ya biyo mu. Oga ya dube ni ya ce, “Malam, ina littafin?” Na sunkuyar da kai. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa rawaninsa ya yi azahar a baranda, ya ce zai dawo.

A zuwa na biyu kowane buhu sai da na rubuta masa lambar farko da ta ƙarshe da jan fenti, rajista kuwa a cinyata ta yi tafiyar, ko wurin cin abinci a Okene ban ajiye ta ba.

Gida ma ban tanada ba kafin in taso. Iyali na Agege, ni kuma na kama ɗaki a Suleja, garin da asalinsa shi ne Abuja kafin ya bar wa sabon birnin sunan. Kullum da asuba nake wucewa ta gindin Dutsen Zuma. Ran Juma'a da yamma kuwa gari ya watse, kowa ya nufi Legas ko Kaduna.

Fayil ɗin dattijon sai a mako na uku na gano shi, ruwa ya taɓa gefensa. Ɗansa ne ya zo karɓar takardar.