Shinkafa, Manzo da Shingen Hakone: Yadda Na Ja Wasan Labari a Japan ta Zamanin Samurai

Wasan da muke yi ba shi da allo, ba shi da kati. Bayan isha'i muke zama, kowa da takardarsa da aka rubuta mutumin da zai zama a cikin labari, da abin da ya iya, da abin da ke gagarar sa. Ni ne mai jan labari: ni ke faɗin inda suke da wanda suka tarar, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin da mutum ya ƙudura yana da haɗari, sai a jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi ne hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Da muka yanke shawarar kai labarin Japan, kowa samurai, wato mayaƙin sarki, yake so ya zama, da takobi biyu a ƙugu. Na bar su. Na dai ɗora labarin ne a kan shekarun 1581 zuwa 1588, wato ƙarshen zamanin da ake kira Sengoku, bayan ƙasar ta shafe fiye da shekara ɗari sarakunan yankuna suna cin junansu tun daga yaƙin Onin na 1467. A waɗannan shekaru bawan jiya kan zama ubangidan yau. Toyotomi Hideyoshi da kansa, wanda daga baya ya mallaki ƙasar baki ɗaya, ɗan talakawa ne. Wannan ya ba ni damar ce wa 'yan wasa duk wanda ya yi ƙoƙari zai iya hawa, kuma ban yi wa tarihi ƙarya ba.

Abin da ya fi riƙe mana wasa shi ne shinkafa. A wancan lokaci ana auna arzikin ƙasa da koku, wani awo ne na kusan lita 180, abin da ake ƙiyasin zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Da shi ake lissafin gona, da shi ake biyan mayaƙi, daga baya ma a zamanin mulkin gidan Tokugawa sai mai koku 10,000 ake kira daimyo, wato sarkin yanki. Sai na daina ba su ladan zinariya. Kowa na rubuta masa koku nawa ubangidansa ya yanka masa, da bakin mutum nawa ke ci daga ciki. Nan take wanda da ba ya damuwa da ƙauye ya fara tambayar yadda damina ta yi.

Labarin da ya fi kama su na ɗauko shi ne daga ƙawanyar da Hideyoshi ya yi wa gidan yaƙin Tottori a 1581. Ana ba da labarin cewa kafin ya iso da runduna, sai da ya tura fatake suka saye shinkafar yankin da tsada, har mutanen cikin ganuwa suka buɗe rumbu suka sayar da tasu. Sannan ya kora manoman kewaye suka shige ciki, baki ya ƙaru, abinci ya ragu. Wata huɗu aka yi, yunwa ta yi abin da takobi bai yi ba, har kwamandan, Kikkawa Tsuneie, ya ba da ransa domin a bar mutanensa.

Ban ambaci Tottori ba, ban kuma gaya musu komai ba. Na ƙirƙiri wani ƙaramin gari na bakin teku, na ba su aikin tsaron rumbun ubangidansu. Sai ga jiragen fatake, masu fara'a da kyauta, suna tayin ninki biyu. Ma'ajin gari yana son kuɗin domin a sayi bindigogi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, tunda tun da Turawan Fotugal suka sauka Tanegashima a 1543 bindiga ta sauya yadda ake yaƙi. Dare guda cur aka yi ana musu, ba a zare takobi ba. Wani abokina da ke sana'ar hatsi ya yi shiru yana juya ɗan ludo a tafin hannu, can sai ya ce, "Malam, wanda ya taya maka kaya ninki biyu ana tsakiyar kaka, ba cinikin yake so ba." Suka ƙi saurarensa, suka sayar da rabi. Da ƙawanya ta zo a zama na gaba, na ajiye ƙwayoyin wake a faranti a matsayin abin da ya rage a rumbu, kowane mako na cikin labari in ɗebe kaɗan a gaban idonsu. Ban taɓa ganin sun yi tsit irin na ranar ba. Ƙanina, wanda ya fi kowa son faɗa, shi ne ya roƙa a bar shi ya fita da dare ya nemo hanyar fitar da yara.

Abin da na lura da shi tun daga nan shi ne ba sai na kawo dodo ba. Ya isa in ɗora wa mutum wajibi biyu da ba za su cika tare ba: umarnin ubangida a hannun dama, haƙƙin maƙwabci a hannun hagu.

Shekarar 1582 kaɗai ta ba ni labari biyu. A watan Yuni Akechi Mitsuhide ya juya wa ubangidansa Oda Nobunaga baya, ya rutsa shi a haikalin Honno-ji da ke Kyoto. A lokacin Hideyoshi, wanda shi ma kwamandan Nobunaga ne, yana can yamma yana yaƙi da gidan Mori, ya gina madatsa ya karkato kogi har gidan yaƙin Takamatsu ya koma kamar tsibiri. Labarin mutuwar Nobunaga ya riga zuwa kunnensa, ya ɓoye, ya yi sulhu da Mori cikin gaggawa, ya juyo da runduna tafiyar kusan kilomita 200 cikin kwana goma, ya murƙushe Akechi a Yamazaki. Duk wannan ya rataya ne a kan wanda ya fara jin labari. Sai na sa 'yan wasana suka kama wani manzo a hanya da wasiƙa cikin sandar gora. Su kai wa wa? In sun kai wa Hideyoshi, sun ci lada, amma ɗaya daga cikinsu yana da ɗan'uwa a cikin gidan da ruwa ya kewaye. In sun kai wa Mori, yaƙi ya ci gaba. Suka zaɓi hanya ta uku da ban shirya mata ba, suka nemi sayar da labarin ga ɓangarorin biyu, kuma ɗan ludo bai yi musu daɗi ba.

Na biyun shi ne gudun Tokugawa Ieyasu, abokin ƙawancen Nobunaga. Labarin Honno-ji ya same shi a Sakai, garin attajirai, da 'yan tsirarun mutane, sai ya ratsa duwatsun Iga domin komawa Mikawa. Haɗarin hanyar manoma ne da ke farautar mayaƙan da aka ci da yaƙi don kwashe sulke da makamai. Anayama Baisetsu, wanda ya ware ya bi tasa hanyar, bai kai gida ba. Wannan labari yana jan kansa: kowane ƙauye a yi ciniki, a ba da kuɗi, ko alkawari, ko a yi ƙarya. A nan ne kaɗai na bar ninja suka shigo, kuma ban sa musu baƙaƙen kaya ba. Mutanen Iga ne masu sanin daji, da ke jin haushin Nobunaga saboda ya ragargaza ƙasarsu a 1581, suna auna ko wannan baƙon ya cancanci taimako.

Fatalwa da aljanun dila na gwada su sau da yawa a gefe. Suna da daɗi, amma ba sa daɗewa a bakin mutane bayan an tashi.

Zaman fada kuwa bai ba ni wahala ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa gaban sarki ya san cewa inda aka zaunar da kai magana ce, kuma akwai amsar da ba a bayarwa kai tsaye. Na sa doka ɗaya: a gaban daimyo babu mai cewa a'a, sai dai ya nemo hanyar da zai ƙi ba tare da ya furta ba. Matar yayana, wadda ta zama mai haɗa shayi a cikin labarin, ita ta fi kowa iyawa. Na gina mata matsayin ne a kan Sen no Rikyu, wanda ɗakin shayinsa ya zama wurin ƙulla siyasa har Hideyoshi ya umarce shi da kashe kansa a 1591. A ƙa'ida ana barin takobi a waje kafin a sunkuya a shiga ɗakin, saboda haka duk ƙarfin ƙanina bai amfane shi da komai ba. Ya ce, "Yaya, wannan zalunci ne." Na ce ya sha shayinsa.

Batun kashe kai ina taka-tsantsan da shi. Yana cikin tarihin, ba zan share shi ba, amma ba na ƙawata shi, kuma ban taɓa tilasta wa ɗan wasa ya ƙare haka ba. Wanda ya ɓata da ubangidansa ina buɗe masa wasu ƙofofi: ya aske kai ya shiga haikali, ko ya zama ronin, samurai marar ubangida, ya ci gaba da labari da yunwa da bashi.

Mun rufe zagayen da farautar takubba ta 1588, lokacin da Hideyoshi ya ba da umarnin a karɓe makamai daga hannun manoma, da cewa za a narkar a yi ƙusoshin ginin babban mutum-mutumin Buddha a Kyoto. Na tura su karɓar makamai a ƙauyen da ya ɓoye su lokacin gudun Iga. Tsohuwar da ta ba su abinci a wancan dare ita ce ta fito ƙofar gida ta tare su. Biyu suka bi umarni, biyu suka rufe ido aka binne masu a ƙarƙashin rumbu, kuma har yau ba su daina yi wa juna gori ba.

Ga mai son labarin dare ɗaya, ya tsallaka zuwa bayan 1635, lokacin da gwamnatin Tokugawa ta wajabta wa daimyo zaman Edo, wato Tokyo ta yau, shekara ɗaya a can shekara ɗaya a gida, iyalansu kuma su zauna Edo dindindin a matsayin jingina. A kan hanyar Tokaido mai zango 53 akwai shingen Hakone, inda masu gadi suka fi sa ido kan macen da za ta fita daga Edo. Mata na musamman ne ke binciken matafiya mata, har gashin kai ake warwarewa, ana gwada kamanni da abin da ke rubuce a takardar izini. Na ba 'yan wasa matar wani daimyo da ke son ganin mahaifiyarta kafin ta cika, da takardar da ta ce ita baiwa ce mai tabo a wuya. Tabon ne ba ta da shi, kuma saura zango biyu su isa shingen.