Wanzami ba ya son jarfa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ɗan shagon magani a bayan kasuwar Mile 12 da ke Legas. Karatun lafiyar al'umma na yi a Arewa, ni ba likita ba ne, amma duk 'yan kasuwa Likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na ƙyale su. Yawancin aikina awon hawan jini ne da na suga, sai nasiha. Nasiha kam na ƙware a kanta. Rage gishiri, rage zaƙi, rage maiƙo, ka riƙa cin ganye. Ko daga barci aka tashe ni zan jero ta ba tuntuɓe.

Akwai wani dattijo dillalin albasa, mutumin Aliero, da ke biyowa ta wurina duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wata rana na gama auna shi, na fara karanto masa nasihar da ya riga ya haddace, sai ya ɗaga mini hannu. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin kanta, inda kwalaben lemo biyu ke tsaye babu komai a ciki, ga ledar tsiren jiya da maiƙo ya jiƙa. Ya ce, "Likita, kullum kai ke ɗaure mana hannu. Kai wa yake ɗaure naka?" Na yi dariya na ce, "Baba, ai ni lafiyata ƙalau." Ya ce, "To miƙo hannun, ɗana."

Na'urar ta nuna 150 bisa 96. Na ce ai yanzu na shigo daga rana. Washegari da safe na sake, na kuma sakewa kwana uku a jere, kullum sama da 140 bisa 90, layin da nake nuna wa mutane da biro ina ce musu daga nan hatsari ya fara. Rabon da in auna kaina ya fi shekara biyu, alhali na'urar tana gabana daga safe har dare.

Ban faɗa wa kowa ba. Na juya littafin bashi ta baya, na fara rubuta duk abin da ya shiga bakina, har goro, har alewar da yaro ya miƙo mini. Mako biyu na yi ina wannan, kuma ban taɓa karanta rubutun da ya ba ni kunya kamarsa ba.

Da safe shayi mai kauri a teburin mai shayi, sukari cokali huɗu, madarar gwangwani, rabin burodin Agege da wainar ƙwai. Da rana shinkafa da miya da lemo mai sanyi, don zafin Legas da hayaƙin motoci kan sa maƙogwaro ya bushe kamar an shanya shi. La'asar wani lemon. Da dare, idan na rufe shago na makara, indomi biyu da duk sinadarin da ke cikin ledojin, wani sa'in da tsire, sai wani shayin kafin in kwanta.

Na zauna na yi lissafi da alƙaluman da nake koya wa mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin gram 50, wato ƙananan cokula 12, in ma da hali rabin haka. Kwalbar lemo mai rabin lita ita kaɗai ta kan cinye wannan kason. Ni kuwa biyu nake sha, ga shayi sau biyu. Na haura cokali talatin a rana ɗaya. Gishiri kuma ƙasa da gram 5 aka ce, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ba a gani. Ni a tunanina ba na cin gishiri tunda ba na barbaɗa shi a kan abinci. Na manta da magi, wanda kaso mai yawa na dunƙulensa gishiri ne, na manta da yajin tsire da burodi da sinadarin indomi. Gishiri kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganye. Gram 400 na ganye da 'ya'yan itace ake so a rana. A kwana goma sha huɗu sau uku kacal ya bayyana a littafina, ɗaya ma yankakkiyar albasar kan tsire ce na ƙirga don in rage wa kaina kunya. Ni da ke zaune a bakin kasuwar da tireloli ke sauke tumatir daga Kano, kabeji da karas daga Jos, dare da rana.

Ranar Litinin na yanke komai lokaci ɗaya. Ba sukari, ba lemo, ba burodi, ba tsire. Zuwa Laraba kaina yana sara, ina yi wa masu sayen magani tsawa ba dalili. Alhamis da dare na tsinci kaina a gaban mai tsire, na haɗa da lemo biyu kamar mai ramuwar gayya. A hanyar gida ne abin ya faɗo mini: abin da na kasa riƙewa kwana huɗu, shi nake ɗora wa mutane shekara da shekaru, idan sun kasa in ce taurin kai ne. Har ɗan dako da ke ɗaukar kwandon tumatir tun asuba, yana kwana a rumfa, ba shi da murhu balle tukunya, na sha ce masa ya riƙa girki a gida. Wane gida?

Sai na koma bi a hankali. Na ce wa mai shayi cokali uku. Ya kalle ni ya ce, "Likita, lafiya? Ko kasuwa ce ta yi sanyi?" Bayan mako biyu na koma biyu, yanzu ɗaya nake sha, kuma ranar da yaronsa ya manta ya zuba mini huɗu kasa shanyewa na yi. Harshe ashe yana sabo, lokaci kawai yake so. Lemon rana na maye gurbinsa da gorar ruwa, na la'asar kuma da zoɓon da maiɗakina ke dafawa da citta da kanumfari, sukari ɗan kaɗan.

Miya ita ce ta jawo 'yar muhawara a gida. Da na ce a raba magi biyu, sai ta ce, "Maigida, in miya ta yi lami kada ka ce ban iya girki ba." Ta ƙara daddawa da tafarnuwa da busasshen kifi. Makon farko yara sun yi ƙorafi, daga baya ba wanda ya sake tayar da maganar. Daddawa dai ba ta wahalar samu a nan, maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da tasu da suke kira iru.

Ganye shi ya fi sauƙi, abin dariya. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli a wurin masu talla, yalo da gyaɗa a aljihun kanta, kokwamba idan rana ta take. Wake ya dawo sau uku a mako. Indomi ban daina ba, amma ɗaya nake ci, rabin sinadari, da kabeji mai yawa. Cin dare kuwa hadisin nan da muka taso da shi ne ya riƙe ni, na raba ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Na sha kawo shi a nasiha ban taɓa gwada shi a kan farantina ba.

Na kuma je asibiti, na bi layi kamar kowa, likita ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum. Ina faɗin wannan ne don mutanenmu da yawa suna jin zogale da tafarnuwa za su isar musu, su ajiye magani. Ni ina haɗa duka biyun, kuma awona yanzu yana yawo ne wajen 130 bisa 84.

Yanzu idan mutum ya zauna a bencina, tambaya nake fara yi: jiya tun daga asuba me ka ci, a ina ka ci, nawa ka kashe? Sai mu zaɓi abu ɗaya tak da zai iya canzawa a wannan makon. Wani lemo ne, wani shayin dare. Wani ɗan dako muka tsaya a kan ya riƙa ce wa mai abinci ta ƙara wake ta rage shinkafa, kuɗin dai ɗaya ne.

Tsire ne har yau muke kokawa da shi, musamman daren Asabar. Baba na Aliero ya sani. Duk Juma'a sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin kanta kafin ya naɗe hannun rigarsa, kuma ba ya yarda in auna shi sai na fara auna kaina ya ga lambar da idonsa.