Albasa ta yi halin ruwa

Har yau in na ratsa kasuwa iska ta kwaso mini warin ruɓaɓɓiyar albasa, sai in ji cikina ya juya. Jika 440, wato sefa dubu 440, na baikon jama'a na zuba cikin abin nan, kuɗin da mata suka tara dala-dala, kuma ni da bakina na tsaya gaban ikilisiya na ce musu kafin Kirsimeti za mu rufe majami'a da sabon tol, wato kwanon rufi.

A 2022 ne, shekarata ta biyu a Tawa. Ni mutumin gabas ne, daga ƙasar Damagaram. Gero na sani, wake na sani, gyaɗa na sani. Albasa kuwa sai dai a miya. Da aka turo ni Adar, kusan kowane mako sai na ci karo da wani abin da ba a koya mana a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, saboda haka in wa'azi ya zarce ƙarfe goma sha ɗaya, za ka ga mata sun fara gyara ɗaurin kallabi suna duban ƙofa. Da an gama kaka kuma maza sai su watse, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu arewa, a bar ka da mata da tsofaffi da ƴan ma'aikatan da aiki ya kawo garin. Baiko ba ya da yawa. Rufin majami'armu kuwa ya zama rariya, in hadari ya taso lokacin sujada sai mu ja bencina gefe guda mu jera bokitai.

Dabarar ta zo mini ne a hanyar Galmi. Na tafi duba wani ɗan'uwa da ke kwance a asibitin mishan da ke can, wanda aka buɗe tun 1950. Wanda ya taɓa bin hanyar nan cikin watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Tun daga mararrabar Tsarnawa ka juya gabas, buhuna ne jere a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Gana da Kodebuwa, ƙasa duk ta yi ja da ɓawo. Wannan ce albasar da duniya ta sani da sunan Violet de Galmi. Na tambayi kuɗin buhu, aka ce jika 11. Yaron mota da ke kusa da ni ya ce, “Malam, bari damina ta yi nisa ka ji. Sai ta ninka uku.” Kafin mu iso gida na gama lissafi a bayan takardar wa'azina: buhu 40, a ajiye wata biyar, a sayar, a sayi tol da katako har a samu canji.

Ranar Lahadi ta gaba na yi abin da ya fi komai ci mini rai har yanzu. Maimakon in kira dattawa mu zauna a tabarma a yi ta ja-in-ja kamar yadda ake yi wa kowace maganar kuɗi, sai na hau bagade na buɗe Farawa sura 41. Yusufu, shekara bakwai na ƙoshi, rumbunan Masar. Na yi wa'azi mai zafi a kan tanadi, a ƙarshensa na kawo maganar albasa. Aka amsa da Amin. Ma'aji ya ɗan yi tari, ya dubi ƙasa, bai ce komai ba. Da aka tashi, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mutuniyar wajen Tamaske, wadda kullum take zama a benci na uku, ta tare ni a bakin ƙofa.

“Malam, wa za ya zaɓo muna ita?”

“Ni da kaina, Inna.”

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, “To. Allah shi ba da sa'a.”

Na ɗauka albarka ta sa mini.

Na koma da kuɗi a aljihu, na shiga garake ina zagaye kamar wanda ya san abin da yake nema. Kuma na yi wayo, a ganina: ban gaya wa kowa ajiyewa zan yi ba, kada a ƙara mini kuɗi. Na bi manya-manya na zaɓa, masu ƙyalli, kowace ɗaya ta cika tafin hannu, in ka ɗaga ka ji nauyi. Kallon kitse na yi wa rogo. Mai garkar bai cuce ni ba, abin da na nuna shi ya ba ni. Albasar da aka cira jiya, aka yanke lawashinta yau, wadda aka shirya don ta hau mota ta isa Kumasi cikin ƴan kwanaki a cinye ta, ita na kwaso zan yi wa ajiyar wata biyar.

Wurin ajiyar ma na zaɓa da kaina. Muna da mangaza a bayan majami'a, ginin siminti, rufin tol, taga ɗaya ƴar ƙarama. Ni ɓarayi nake tsoro, ban san akwai abin da ya fi ɓarawo ba. Aka jibge buhunan biyar-biyar a kan juna, na rufe tagar, na sa kwaɗo, makulli a aljihuna. Wannan fa a zafin Tawa na Afrilu da Mayu, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba ka iya dafawa da rana. Da ruwan farko ya sauka na ga rufin na ɗiga, sai na ƙara lulluɓe su da tampol. Wato na dafa ta, sa'an nan na rufe tukunyar.

Cikin watan Yuni wari ya fara. Na ce ɓera ne ya mutu. Wata Lahadi muna tsakiyar waƙa iska ta juyo daga baya, na ga ƴan mawaƙa suna toshe hanci da gefen gyale, yara na dariya ƙasa-ƙasa. Bayan sujada na zagaya. Wani baƙin ruwa ne ke gangarowa ta ƙarƙashin ƙofar mangaza, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tawa albasar dai ta yi, har ta koma ruwan.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne, dillalin albasa tun ina yaro. Shekara biyu muna gaisawa, yana aiko mana da naman layya, muna aika masa da abincin Kirsimeti, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin in tambaye shi sana'arsa ba. Warin ne ya kawo shi.

“Fasto, lahiya? Mi ya mutu gidanku?”

Na buɗe masa. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi salati. Ya sa hannu ya zaro guda ɗaya da ke da kyan gani, ya danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya fito.

“Wagga ba ta ajiya ba ta. Ta tahiya ta. Wa ya zaɓo muku?”

Na ce ni ne. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa a kan haka.

A tsaye nan cikin ƙudaje ya karanta mini abin da kowane yaro a kwarin Majiya ya sani. Albasar ajiya tun a garka ake shirya ta. Ba a cika mata farin takin zamani, don shi ke kumbura ta ta yi girma ta cika da ruwa. Ana yanke mata ban ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a bari lawashi ya kwanta da kansa. In an cire a bar ta ta sha iska, ganyen na rufe da ita kada rana ta ƙone ta, har wuya ya bushe ya tsuke, don ta wuyan nan ruɓa ke shiga. Matsakaiciya ake zaɓa, mai tauri, mai siririn wuya, wadda ɓawonta ke ƙara in ka taɓa. Wadda ta yi kara ta fitar da fure tun a garka, a kai ta kasuwa yau-yau. Kuma ba a ajiye ta cikin buhu. Rudu ake yi mata, ƴar bukkar kara da ciyawa a ɗage bisa duwatsu, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, a baza ta kada ta yi tudu da yawa, a riƙa shiga ana tsince wadda ta lalace kafin ta shafa wa ƴan'uwanta. Duk abin da ya lissafa, akasinsa na yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda aka ba takarda aka ce ya bi ta a juye.

Kwana uku zumuntar mata suka yi suna tsinta, hannu cikin ruɓa, ba wadda ta ce mini uffan. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Amalanke ya yi ta jigilar ruɓaɓɓiyar zuwa bayan gari. Cikin buhu 40, abin da ya tsira bai wuce 14 ba. Yaran Alhaji suka kafa mana rudu, Inna ta karɓi aikin ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Duk bayan ƴan kwanaki sai ta zo da sassafe, ta shiga a duƙe, ta bi su da hannu, ta fito da biyar ko shida a gefen zane. Hancinta na jin wadda za ta ruɓe tun ba ta nuna alama ba.

Ran nan ina riƙe mata kwando na kasa haƙuri.

“Inna, kin san duk wannan, me ya sa ba ki hana ni ba?”

Ba ta ɗago ba. “Malam, da shawara kunka kawo, da mun yi magana. Wa'azi kunka yi. Wa ka tashi cikin majami'a shi ce ma Yusuhu a'a?”

Na koma ɗaki na zauna. Shekara arba'in matar nan ta yi tana noman albasa da mijinta, tana benci na uku kowace Lahadi, ni kuma na ɗauki lissafin bayan takarda na naɗe shi da aya, yadda duk wanda ya ja da ni zai zama kamar da Littafi yake ja. Ma'aji ma daga baya ya ce mini tarin nan da ya yi, magana ce ta maƙale masa.

A watan Satumba kuɗin albasa ya tashi, yaron mota bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai sauran karatu. Albasa ko lafiyayya ce tana ramewa a ajiye, ruwan jikinta na fita, ga wadda ake tsincewa. Buhu 14 suka koma 11. Da masu saye suka zo da nasu buhunan, sai na ga ana cikawa har baki, a ɗora wani tuli a sama, a rufe da wani yanki a ɗinke, abin da suke kira hula. A ma'auninsu 9 suka fito. Aka saya jika 32 kowane, jika 288 ke nan. Ni kuwa in an haɗa da kuɗin mota da na rudu, jika 505 na kashe. Jika 217 suka bi ruwa. Da a 2023 abin ya faru, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa aka rufe iyakoki, da na samu inda zan rataya laifin. Tawa albasar tun iyakoki na buɗe ta ruɓe, makulli kuma a aljihuna yake.

Na tsaya gaban jama'a na karanta lissafin nan, dala bayan dala, a ƙasa, ban hau bagade ba. Na ce za a riƙa cirewa daga ɗan abin da ake ba ni duk wata har a biya. Dattawa suka ƙi, muka yi ta ja, aka tsaya a rabi. Maman yara ba ta yi mini magana ba sai da muka kai gida, kuma abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne.

Ƴan'uwana masu aikin nan, in wata dabarar kuɗi ta zo muku a cikin mota, ku kai ta tabarma, kada ku kai ta bagade. Ku zauna ƙasa ku faɗe ta da muryar da za a iya ce muku ba haka ba. Ku tambayi kowa a ikilisiya abin da ya yi da hannunsa kafin ku san shi, za ku sha mamaki. Kuma in za ku sayi albasar ajiya, ku gaya wa mai garka gaskiya tun kafin ya cire, ku biya ƙarin da ya nema.

Wani abin dariya, tun daga lokacin albasa ta shiga mini rai. Na gano lawashin da nake gani ana zubarwa ba zubarwa ake ba, daka shi ake a dunƙula a shanya ya zama gabu, a yi miya da shi har shekara. Na gano irin albasa sai an yi noma biyu ake samunsa: a ajiye ƙwayar, a sake dasa ta da sanyi, ta yi fure, sa'an nan a samu baƙin irin nan, shi ya sa masu shi ke riƙonsa kamar zinariya. Ayar nan ta Littafin Ƙidaya 11:5 kuma, inda Isra'ilawa ke cikin jeji suna kukan albasa da tafarnuwar Masar, da can ina karanta ta ina ganin rashin godiyarsu kawai. Yanzu da na zauna da mutanen da in ba albasa a tukunya ba su ɗauka an yi girki ba, na ɗan rage musu faɗa.

A 2024 muka sake gwadawa, buhu 10 kacal, da kuɗin mutum huɗu da suka sa don ra'ayin kansu. Inna ce ta tafi garkar wani ɗan ƙanenta ta zaɓo. Ƙanana ta kawo, marasa kyan gani, har na buɗe baki zan yi magana sai na tuna na rufe. Abin da aka samu ya rufe gefen mata, gefen maza har yanzu da bokitai muke. Makullin rudu na wuyanta a ɗaure da zare. In na leƙa sai ta ce, “Malam, ku tsaya nan waje, ku riƙe kwando.”