Asabar a Jidda: wutsiyar da ta ƙi barin ɗigon

Yau babu aiki, don haka ana idar da Azahar na ture kujerun falo gefe, na shimfiɗa leda, na sake kafa kayan ɗaukar hoton ɗigon ruwa. Baƙin tiren gashin nan na Inna, santimita 40 a 30, ruwa a ciki zurfin santimita 3. Robar ƙarin ruwan da na saya a famasi na rataye ta a jikin tsani, bakinta santimita 40 daidai daga saman ruwan. Kyamara a kan mai ƙafa uku, lensi milimita 100, nisan santimita 60, ta ɗan sunkuyo kaɗan. Filashi biyu, kowanne a cikin farar leda saboda fallatsi, kuma ba ruwan suke haskawa ba, farar robar da na jingine a bayan tiren suke duka. Ruwa madubi ne, abin da ke bayansa shi yake nunawa.

Saiti da hannu, kamar kullum. Na tsayar da dogon noti a inda ɗigon ke faɗawa, na saita a kan zarensa, na ɗauke shi. A f/11, wato girman ƙofar lensin, da wannan nisan, wurin da ke fitowa tar ɗan siriri ne ƙwarai, shi ya sa na manne tiren da salatif. Eyasi a kashe, domin iskarsa tana kaɗa ɗigon ya sauka gefe. Zafin Jidda kuwa ba ya jiran a gayyace shi.

Hoto ɗari da wani abu kafin La'asar, duk da matsala iri ɗaya. Sandar ruwan da ke tasowa bayan ɗigon ya faɗa tana tashi da kyau, ƙwallon da ke kanta ya fito, amma duk ɗigon da ke tafiya da sauri sai ka ga wata 'yar wutsiya mai dishi-dishi manne da shi. Na zargi hasken taga. Na kashe filashin na ɗauka, hoton ya fito baƙi ƙirin, to ba taga ba ce. Na zargi motsin kyamara, alhali da rimot nake latsawa. Ina cikin wannan Yaya ya shigo, ya biyo jirgin ƙasa daga Makka zai kwana biyu.

Ko jakarsa bai ajiye ba ya leƙa bayan kyamarar, ya ga saurin labulen da na sa, wato ɓangaren sakan da idon kyamarar ke zama a buɗe. Ya ce, "Kai, 1/160? Ni ko yara masu guje-guje a wurin biki ba na ɗaukar su da ƙasa da 1/500. Ruwa kake son tsayarwa, kai shi 1/4000 mana."

Na ce, "Yaya, a nan ba labulen kyamarar ne ke tsayar da ruwan ba, filashin ne."

Ya ce in nuna masa. Na kai shi 1/400 na latsa, kusan rabin hoton ya fito baƙi. Labule biyu ne a ciki, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. Har zuwa 1/200 akwai lokacin da idon kyamarar ke buɗe gaba ɗaya, a nan filashin ke tashi. Da an wuce haka na biyun yana fara rufewa tun na farkon bai gama buɗewa ba, sai ya zama tsaga ce kawai ke wucewa, filashin ya haska iya abin da ke cikin tsagar.

Yaya ya san wannan sarai, sana'arsa ce. Ya ce ai shi ya sa aka yi tsarin da filashin ke bin labule mai sauri, wanda yake amfani da shi in yana ɗaukar ango a tsakar rana. A nan ne na tsaya na yi masa lissafi a bayan kwalin batir. Ɗigon da ya faɗo daga santimita 40 yana isowa da gudun mita 2.8 a sakan. A 1/160 zai yi tafiyar sama da milimita 17. A 1/4000 zai yi milimita 0.7, wanda a lensin kusa ba ƙaramin abu ba ne. Shi kuwa ƙaramin filashi, in ka rage masa ƙarfi ba dusashe hasken yake yi ba, yanke shi yake yi da wuri. Takardar nawa ta ce tsawon walƙiyarsa daga 1/200 na sakan ne a cikakken ƙarfi zuwa 1/20,000 a mafi ƙaranci, kuma a 1/20,000 ɗigon milimita 0.14 kawai zai motsa. Wancan tsarin nasa kuma ɓarin haske yake ta yi a jere har tsagar ta gama wucewa, ya mayar da filashin kamar fitila, ga shi ya cinye ƙarfin. Ɗakin ya yi duhu, labulen ya zauna a buɗe yadda ya ga dama, walƙiyar ita ce hoton.

Ya ce to bari gobe a ɗauko babban filashinsa na situdiyo, ai ya fi waɗannan 'yan ƙananan nesa ba kusa ba. Na ce irin tsohon nan nasa in an rage shi lokacin haskensa ma ƙaruwa yake yi, domin ba yankewa yake ba, cajin yake ragewa ya bar shi ya tsiyaye a hankali. Gaskiya na faɗa, amma da ƙarfi na faɗe ta, ga Auta a tsaye riƙe da tawul yana kallonmu.

Yaya bai ce komai ba. Ya karɓi kyamarar, ya buɗe hoto ɗaya, ya yi ta ƙara girmansa har ɗigon ya cika gilashin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wutsiyar nan shuɗiya ce. Kuma a ƙasan ɗigon take, inda zai je, ba inda ya fito ba. Wanne ne ka sa wa shuɗiyar roba?"

Na hagu ne. Na zare ledar na duba bayansa: 1/8, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinsa. Na dama yana 1/64. Makon jiya da na manna shuɗiyar robar na ga ta shanye hasken, sai na ƙara masa ƙarfi har mataki uku, na bar shi a haka. Su biyun tare suke tashi, na dama ya gama nasa nan take ya bar ɗigo mai kaifi, na hagu ya ci gaba da haske ɗigon yana tafiya, ya ja masa shuɗin layi a gaba. Da yake robar ta rage haskensa, idona bai taɓa ganin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske ba. Awa uku ina neman abin a taga da ƙafar kyamara.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na mayar da shi 1/64, na matso da shi daga santimita 60 zuwa 30 daga farar robar, wanda ya ninka haskensa sau huɗu, mataki biyu ke nan. Na ukun na samo shi da ɗaga ISO, wato yadda kyamarar ke jin haske, daga 200 zuwa 400, na ja na dama baya kaɗan don kada ya rinjaya. Hoton farko bayan haka, ɗigon ya fito kamar dutsen ado, har tagar farar robar ana gani a cikinsa a kife.

Na ce, "Ya yi." Iyakar abin da na ce ke nan. Shi kuma ya ce Allah ya ba da sa'a, ya shiga wurin Inna.

Sauran yammar na bi malafa, wato ɗigo na biyu ya sauko ya daki kan sandar tana tsaye. Sai ɗigon ya riƙa zuwa kusan goma a sakan, kuma robar ƙarin ruwa ba ta riƙe gudu ɗaya: ruwan jakar yana raguwa, nauyin da ke tura shi yana raguwa, tazarar tana buɗewa. Biyu na samu cikin tamanin. Maganinsa kwalba mai toshe da bututun iska da ya nutse har kusa da gindinta, dabarar Mariotte ɗan Faransa tun ƙarni na 17, matsin ba ya canzawa har ruwan ya sauka ƙasan bakin bututun.

Ƙaron da maƙwabcinmu ya kawo daga Sudan na jiƙa shi tun jiya don ruwan ya yi kauri, cokali uku a rabin lita. Ruwan ya yi danƙo a yatsa amma bai yi kaurin kirki ba, haka ƙaro yake. Gilisarin kashi ɗaya a ruwa kashi huɗu ya fi ba ni doguwar sanda. Garin zantan, mai sa ruwa kauri, giram ɗaya a lita, a kwana, a tace da kyalle, shi ne na gobe.

Auta ya nace sai an yi masa kambi irin na hoton ɗigon madarar nan na Harold Edgerton na 1957 da na nuna masa. Wannan ba ya son zurfi, madara ce shafe a bayan faranti kamar milimita ɗaya. Mun samu ɗaya mai kyau. Inna ta ce kada a sake taɓa mata madara, ruwan ma daga teku ake tace shi a Shu'aiba kafin ya iso famfonmu, ba na wasa ba ne. Na juye na tiren a bokitin goge ƙasa.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Na zuba hotunan a kwamfuta, na ware goma sha huɗu, kuma duk cikinsu babu wanda aka ɗauka kafin Yaya ya karɓi kyamarar. Na yi ta jujjuya yadda na yi masa lissafi a kan kwali a gaban yaro, shi kuma bai tanka ba, ya duba launi kawai. Wajen cin abinci hirar Makka ya yi ta yi da Inna, bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Batir takwas suna caji. Zantan yana cikin firji. Kwalbar na huda murfinta amma bututun ya yi sako-sako, sai an samo gam. Na tura wa Yaya hoton farkon nan a waya, ya nuna ya shiga, bai buɗe ba tukuna.