Abincin Titin Indiya Ba Ya Jiran Hira

Kuskuren da aka fi yi a gidan abincin titi na Indiyawa shi ne mutum ya zauna ya yi odar kala huɗu a lokaci ɗaya, sannan ya tsaya ɗaukar hoto. Kafin ya ajiye waya, rabin abin da ya biya ya jiƙe ya koma kamar tuwo. Wannan rukunin abinci da suke kira chaat, daɗinsa duka yana cikin haɗuwar abu mai ƙaras-ƙaras da abu mai ruwa, kuma da zarar sun haɗu mintuna ƙalilan gare ka. Saboda haka a riƙa odar kala ɗaya, a cinye, sannan a nemi na gaba.

A fara da pani puri, wanda mutanen Delhi ke kira golgappa, mutanen Kolkata kuma puchka. Ƙwallo ne soyayye na garin alkama ko samolina, bai wuce girman lemun tsami ba, cikinsa fanko. Mai sayarwa zai huda samansa da babban yatsa, ya cusa dafaffen dankalin turawa da waken chana, ya tsoma shi cikin ruwan na'a-na'a da tsamiya da ɗanyen barkono, ya ajiye maka a ɗan kwano. Ɗaya-ɗaya yake bayarwa, yawanci shida ne faranti, kuma yana jiran ka haɗiye kafin ya miƙo na gaba. Loma ɗaya ake yi masa. Wanda ya gutsura, rigarsa ce za ta sha ruwan. Idan gidan na zama ne, za su kawo ƙwallayen busassu da ruwan daban a ƙaramin jug. Kada ka jera shidan ka cika su gaba ɗaya, don kafin ka kai na uku gindinsa ya ɓule. Ruwan kala biyu ne: teekha mai yaji, da meetha mai zaƙi na tsamiya da dabino ko mazarƙwaila. Baƙo ya ce a haɗa masa biyun. A bakin titin Mumbai kuma akan nemi sukha puri a ƙarshe, busasshe mai ɗan gishiri da yaji, gyara ce ba a biyanta.

Bhel puri ya fi saurin lalacewa. Shinkafa ce da aka fasa kamar gugguru, a cakuɗa da albasa, dankali, siraran soyayyen garin wake da suke kira sev, da miyar tsamiya. Idan aka kawo shi laɓe-laɓe, tun a kicin aka haɗa aka bari, kana da haƙƙin mayarwa. Shi ya sa ma ba abin ƙunshewa a tafi da shi gida ba ne, sai dai a raba maka kayan kowanne da ledarsa.

Akwai wani ɗan wari kamar na dafaffen ƙwai da ke tsorata baƙi har su ɗauka abincin ya lalace. Baƙin gishiri ne, kala namak, da ke cikin yajin chaat tare da garin busasshen ɗanyen mangwaro. Haka yake, ba ruɓa ba ce.

Bayan masu sanyi sai masu zafi, su ne ke riƙe ciki. Vada pav ɗan Mumbai ne: curin dankali da aka tsoma a ƙullun garin wake aka soya kamar ƙosai, a sa cikin ƙaramin burodi da garin tafarnuwa da barkono mai kama da yajin tsire. Soyayyen koren barkonon da ke gefe ba ado ba ne, amma a ɗanɗana a hankali. Pav bhaji kuwa kayan lambu ne da aka murƙushe a kan faffaɗan kaskon ƙarfe da bota mai yawa, ana dangwala da burodi biyu da aka gasa a botar. A matsa lemun tsami a barbaɗa ɗanyar albasa, in ba haka ba maiƙon zai gundure ka a rabin faranti. Mutum biyu, kala uku zuwa huɗu sun wadatar.

Idan yaji ya kama baki, ruwa ba ya magani, domin abin da ke ƙunar a cikin barkono maiƙo yake bi. Lassi ake nema, wato kindirmo da aka kaɗa, ko farantin dahi puri mai nono a kai. Tun wurin oda ana iya cewa "kam teekha", ma'ana a rage yaji.

Ga masu zuwa Indiya jinya ko karatu, abin lura na farko ruwan pani puri ne, tunda ba a dafa shi. A zaɓi wurin da ke amfani da ruwan gora, mai cinikin da kaya ba sa kwana, a kuma guji ƙanƙara. Majinyaci ya tsaya kan abin da aka sauke daga mai a gabansa. Na biyu nama: yawancin chaat babu nama ko kaɗan, kuma koren ɗigo cikin murabba'i a jikin takardar jerin abinci ko ƙunshi alamar haka ce. Inda akwai kaza ko akuya sai a tambaya, domin ban da halal akwai yankan jhatka na sara ɗaya. Mai son kebab hankali kwance ya nufi layukan da ke kewaye da babban masallacin Jama Masjid a tsohuwar Delhi, ko titin Mohammed Ali a Mumbai, musamman bayan shan ruwa a watan azumi.